Kawu da Gilashinsa da Aka Zubar a Warsan

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma muka mayar da Kawu, yayan mahaifiyata, bayan ɗan gajeren ciwon ƙirji a wani asibiti a nan Dubai. An yi masa sutura, an sallace shi, an binne shi a ƙasar da ya yi kusan rabin rayuwarsa a cikinta. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa ba. Ni 'yar kasuwa ce, abaya da turare nake saye a kasuwar Deira ina aikawa Kano, rubutuna bai wuce na saƙon waya ba. Abin da kunnena ya ji a zaman makoki, da abin da idona ya gani daga baya, su suka zaunar da ni. Kuma raina a ɓace nake wannan rubutu, ba zan ɓoye ba.

A filat ɗinsa na unguwar Abu Hail aka zauna. Maza a falo, mu mata a ɗakin matarsa, ƙofa a buɗe saboda cunkoso, don haka duk abin da aka faɗa a falo a kunnenmu yake sauka. Mutane sun zo, ban ce ba su zo ba. 'Yan kago na Deira, masu harkar aika kaya gida, sun zo, masu kayan waya sun zo, mutanenmu na Zongo 'yan Gana da ke aikin otal sun zo da kayan aikinsu a jikinsu, suka yi addu'a suka koma. Matsalar ta fara ne da waɗanda suka zauna, bayan an shafa Fatiha an zagaya da shayi.

Wani mutum da ya shekara da shekaru yana sallar Juma'a kafaɗa da kafaɗa da Kawu ya tambaya, wai shin marigayin wace sana'a yake yi ne takamaimai. Wani ya ce shi dai a saninsa gilashin mota yake gyarawa. Wani ya ce a'a, kwalabe yake tsinta yana narkarwa. Na ji 'yar dariya da aka yi ƙoƙarin haɗiyewa. Sai surukinmu ya gyara murya. Mijin wata 'yar'uwarmu ne, babban ɗan kago, irin mutanen da in sun shigo falo ake tashi a ba su kujera. Ya ce Allah Ya yafe wa mamaci, domin waɗannan abubuwa da yake zubawa, tsakaninsu da gunki tazarar ba ta da yawa. Aka amsa da amin. Bai ko ajiye kofin shayinsa ba ya tambayi wa ke riƙe da makullin siton marigayin da ke unguwar Warsan, don yana da kwantena a hanya kuma wuri ya yi masa kaɗan.

Matar Kawu tana zaune kusa da ni, ta ji komai. Ba ta ɗaga kai ba. Ita ba ta daɗe da zuwa Dubai ba, yawancin shekarun aurensu a Kano ta yi su tana renon 'ya'ya, kuma ko bayan zuwanta ba ta taɓa taka wurin aikinsa ba. Ba ta da abin da za ta kare shi da shi. Ni ina da shi, amma ɗakin mata nake, kuma gidan makoki ne. Na yi shiru ranar. Yau zan faɗa.

Kawu mai fasahar gilashi ne. Ayyukansa sun shiga gidajen baje kolin fasaha, waɗanda a nan ake ce wa galari, mutane daga ƙasashen da ban san sunansu ba sun tsaya a gabansu sun daɗe ba su motsa ba. Ya karanta zane a makaranta, ya koyar da zane a sakandare a Kano shekaru masu yawa. A lokacin ne wata tafiya ta kai shi Bidda, ya ga yadda masu sana'ar gargajiya ke narka kwalba su mayar da ita tsakiya da awarwaro, ya dawo da abin a ransa bai ƙara fita ba. Da koyarwa ta kasa riƙe gida, sai ya sami aiki a wata masana'anta a nan da ke yanka gilashin dogayen benaye. Da rana yana yanka wa wasu tagogi. Da yamma da ranakun hutu yana kwashe guntattakin da aka yar, yana kai su wani lungun sito da ya kama a Al Warsan.

Farkon zuwana Dubai shi ya tarbe ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kira na tun ina goye. Na ɗauka kasuwar zinariya zai fara kai ni, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Sai muka yi ta tafiya a bas har benaye suka ƙare, muka shiga unguwar da babu komai sai sito-sito da gidajen kwanan leburori da manyan motoci. Ya buɗe wata ƙofar ƙarfe. A ciki akwai tanderun lantarki kamar babban firij a kwance, buhunan filasta, durom-durom cike da ɓaraguzan gilashi, da wani dattijo ɗan Zongon Kumasi, amininsa, wanda suka yi aiki tare a masana'anta kuma suke raba hayar wurin, shi yana haɗa firam ɗin madubi a ɗaya gefen.

A kan wani tebur na ga abin da na ɗauka ƙunshin kaya ne, irin wanda muke kaiwa ofishin kago kullum: an cusa kaya a buhu, an naɗe, an zagaye da igiya an ƙulle. Har na kai hannu zan ɗaga. Hannuna ya ji sanyi da santsi, abin kuma ya ƙi motsi. Gilashi ne gaba ɗayansa, kore-kore mai duhu kamar ruwan tafki. Saƙar buhun ta fito, tattarar da ya yi inda igiya ta matse shi ta fito, har zaren da ya tsinke a bakin ƙulli. Kawu ya tsaya yana kallona yana jin daɗi kamar wanda ya ci ni a wasa.

Ya nuna mini yadda yake yi. Zai lulluɓe ƙunshi na gaske da wata roba mai laushi ta ɗauki siffarsa, ya zuba kaki a cikin robar, ya rufe kakin da filasta, sannan ya narkar da kakin ya fita. Ramin da ya rage shi yake cikawa da ɓaraguzan tagogi ya saka a tanderu. Narkewar ba ta da wuya. Hucewar ce aiki. Babban ƙunshi sai ya yi makonni yana hucewa a hankali, in an buɗe tanderu kafin lokaci ya tsage daga sama har ƙasa. Na tambaye shi me ya sa bai yi garau ba kamar gilashin taga, ya yi hazo-hazo, ga kumfa a maƙale a ciki. Ya ce masu sana'ar suna ganin wannan aibi ne, shi kuwa shi yake nema.

Dalilin bai gaya mini ba sai wata rana a metro, jirgin ƙasan cikin gari, muna wucewa ta tsakiyar benayen nan masu ƙyalli. Ya nuna mini wani ya ce tagoginsa da yawa sun bi ta hannunsa. Ya ce gilashi mai kyau a wurin masu gini shi ne wanda ba a ganinsa, mutum ya kalli teku ta cikinsa ya manta akwai wani abu a tsakani.

"Haka muke a garin nan, Uwata. Mai shara, mai gadi, direba, mai ɗaukar kaya. Ana kallo ta cikinmu, ba a ganinmu. Shi ya sa nake yin nawa da kauri da hazo. So nake ido ya zo wucewa ya yi tuntuɓe."

Ƙunshin kuwa, ya ce, shi ne abin da kowane baƙo a garin nan ya sani. Da shi ake zuwa, shi ake aikawa gida, shi ake jira. Ya ce bai taɓa ganin wata siffa da ta fi ta faɗin gaskiyar zaman ƙasar wani ba: abu a ɗaure, a shirye, bai isa inda za shi ba.

Wannan shi ne mutumin da aka ce kwalabe yake tsinta.

Ba waliyyi ba ne, kuma da zai ji ina mayar da shi waliyyi da ya fara yi mini faɗa. Yana da zafin rai. In aiki ya fito da kyau fiye da kima, irin kyan da zai sa a ajiye shi a falon otal kusa da furen roba, sai ya ɗauko guduma ya farfasa shi ya mayar durom. Amininsa ya sha riƙe masa hannu. Yana magana da tanderunsa kamar da mutum, ya dafa murfin ya ce, "Shwayya-shwayya, sannu-sannu, ba inda za mu." Ba ya cin abinci a kan lokaci. Ba ya amsa waya in yana aiki, ko wa ke kira. Kuma in gilashi na hucewa ba ya barin gari, don in wuta ta ɗauke ko na'ura ta yi gardama dole a sami mai tsayawa a kai. Wannan ɗabi'a ta ci masa abubuwa da yawa. Ta ci masa bukukuwan Salla. Ta ci masa ɗaurin auren 'yarsa, wanda ya iso bayan an watse. 'Ya'yansa sun girma suna jin cewa akwai wani abu a Dubai da ya fi su daraja a wurin ubansu, kuma ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu mene ne abin, har shi kansa. Kawu zai iya yi wa baƙo bayanin aikinsa tun daga azahar har la'asar, amma a gaban iyalinsa bakinsa nauyi yake yi.

Maganar gunki kuwa, tana da asali, kuma ina wurin aka yi ta. Surukin namu ya gina gida a Kano, ya zo Warsan da kansa yana so Kawu ya zuba masa sunansa da manyan haruffan gilashi masu ruwan zinariya, a kafa a saman ƙofa. Kawu ya ce ba irin aikinsa ba ne, ya kwatanta masa kasuwar 'yan Sin da ke kusa, inda za a yi masa a rana ɗaya. Alhaji bai saba a ce masa a'a ba. Ya zagaya wurin yana taɓa abubuwa da bakin sandarsa, ya ce ashe aikin halal ne ba a so, an fi son zuba gumaka. Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce wa Alhaji ya nuna masa ido ɗaya, ko baki, ko ƙafa, a duk abin da ke wurin. Ya ce ya san hukuncin siffanta mai rai tun kafin Alhaji ya san hanyar filin jirgi, kuma bai taɓa zuba ko ƙuda ba. Sannan ya dafa wani babban ƙunshi.

"Wannan da ka ce gunki ne, siffar kayan kago ce, Alhaji. In akwai mai bauta masa a cikinmu, ba ni ba ne."

Amininsa ya juya baya yana tari. Alhaji ya fita bai yi sallama ba. Ya adana maganarsa har ranar da Kawu ba zai iya mayar masa ba, ya faɗe ta a falon Kawu, a kunnen matarsa, aka ce amin.

Kada a ɗauka da mutanenmu kaɗai yake faɗa. Matar da ke da galarin da ya fara nuna aikinsa, wata Balarabiya 'yar Lebanon mai kirki da son aikin, ta taɓa roƙonsa ya ƙara launi, ja da rawaya da ruwan lemo, wai masu saye suna son su ga Afirka a ciki. Ta kuma nemi ya zo bikin buɗewa da babbar riga da hula. Kawu mutum ne mai son babbar riga, da ita yake zuwa Juma'a. Amma ranar bikin sai ya zo da shuɗiyar rigar masana'anta, da takalmin aiki mai ƙarfe a baki. Ya ce mata koren da take gani launin tagogin garinta ne, bai zo da shi daga Kano ba, kuma shi ba kayan ado ba ne da za a jingine kusa da aiki. Sun yi wata da watanni ba sa magana. Daga baya ita ta neme shi, ba ta ƙara ce masa ya canza komai ba, kuma ta fi danginsa da yawa sanin darajarsa. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai.

Akwai wani direba ɗan Agadas da ke ɗauko mini kaya daga shaguna. Mahaifinsa ya rasu yana nan, biza ba ta bar shi ya je ba. Daga baya aka aiko masa da gadonsa, wanda bai wuce rawani da ƙananan kofunan shayin tsohon ba, irin masu zoben zinariya a baki. A hanya aka danne jakar, kofunan suka iso a farfashe. Na same shi a mota yana riƙe da su a cikin leda, babban mutum da gemunsa. Na kai shi wurin Kawu ba tare da na san me za a yi ba. Kawu ya zazzage ledar a kan farar takarda, ya daɗe yana juya ɓaraguzan da yatsa. Ya gaya masa gaskiya cewa kofi ba zai dawo ba. Ya ce amma ya bar masa su.

Ya dakatar da nasa aikin ya kunna tanderu saboda abin da bai cika tafin hannu ba. Bai narkar da su gaba ɗaya ba, ya ba su wuta daidai yadda za su manne da juna ba tare da sun ɓace ba. Abin da ya fito dunƙule ne kamar dutsen kogi, ana ganin kowane ɓari a ciki, zoben zinariyar yana lanƙwashe a tsakiya. Direban ya karɓa da hannu biyu, ya kira shi Tonton, wato Kawu da Faransanci, ya ce, "Me zan ba ka?" Kawu ya ce ya dafa musu shayi irin na Agadas, don na Dubai ruwan zafi ne kawai. A ƙofar sito aka hura gawayi, aka sha na fari da na biyu da na uku. Direban nan yana falo ranar makoki, a tsugune kusa da ƙofa. Da aka yi maganar gunki ya tashi ya saka takalminsa ya tafi.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai.

Babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, ya zo daga Kano bayan an yi jana'iza, don ya tattara abin da ya rage ya zauna da mahaifiyarsa. Surukinmu ya ɗauke shi a mota, ya ciyar da shi, ya nuna masa gari. Ban san me suka tattauna ba. Abin da na sani shi ne wata rana da hantsi aminin Kawu ya kira ni, ya ce in bar duk abin da nake yi in zo Warsan. Ya je kai madubi ne ya dawo ya tarar an buɗe ɓangaren Kawu ana kwashewa.

Da na isa, leburori suna ta fitowa da kaya biyu-biyu, suna jefawa a babbar bolar ƙarfe irin ta masu gini. Tun daga bakin layi nake jin ƙarar. Ba laifinsu ba ne, an ce musu shara ce, wani yana tsaye yana ce musu yalla, yalla, wato maza-maza. Dattijon Kumasi ya tsaya a bakin ƙofa ya ware hannuwa, tsoho mai ciwon gwiwa, yana ce musu sai dai su bi ta kansa. Yaya yana gefe a inuwa da makulli a hannu.

Na leƙa bolar. Aikin shekaru ne a ciki. Wasu sun rabe biyu, wasu sun zama tsakuwa, rana tana dukansu suna walƙiya. Na ga rabin wani ƙulli da na san Kawu ya sake zuba shi sau da yawa kafin ya yarda da shi.

Na ce wa Yaya ko ya san abin da yake zubarwa. Ya ce ya sani sarai.

"Saboda waɗannan ya bar mu. Ina tsaye a ƙofar masallaci ranar auren ƙanwata ana tambayata ina ubanmu, na rasa abin faɗa. In ce yana gadin kwalba? Ke kin same shi a nan yana miki hira. Mu ba mu samu ba."

 Yana da gaskiyarsa. Amma na ce masa fushinsa da ubansa ne, kuma uban ya tafi inda fushi ba ya kaiwa. Wanda zai amfana da wannan ɓarna mutum ɗaya ne, mai kwantena a hanya. Na ce in wuri ake so a ba mu zuwa yamma. Ya kalli bolar, ya kalli tsohon da ke tsaye a ƙofa, ya cilla mini makullin ya tafi ya shiga mota.

Na kira direban Agadas, na kira matar galari. Ita ta zo da mutanenta da barguna da akwatunan katako, ta tsaya a kan bolar tana kuka ba ta damu da masu kallo ba. Abin da muka tsirar bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Tanderun ma an riga an sayar wa masu gwangwan. Kafin magariba an share wurin, washegari katan-katan na Alhaji suka cika shi har rufi.

Ga abin da nake so in tambayi mutanenmu. Mun iya sayen fitilar ƙarau daga ƙasar Turai mu rataya a falo, mu kira baƙi su gani. Mun iya biyan kuɗin shiga gidan tarihi a ƙasar wasu mu ɗauki hoto. Amma namu ya yi abin da duniya ta tsaya kallo, a unguwar da bas ɗaya ke kaiwa daga Deira, a cikinmu babu wanda ya taɓa cewa bari in je in gani. Ba a ce kowa ya so aikin ba. Ana iya gani a ce bai burge ba, da Kawu ya ji daɗin gardamar. Amma a yanke wa mutum hukunci ba a duba ba, a sa masa sunan mai gumaka alhali goshinsa ya yi baƙi da sujada, a jira ya mutu a mayar da aikinsa shara don a sami wurin ajiye katan ɗin takalma, wannan ban san sunan da zan ba shi ba sai zalunci.

Matar galari ta shirya nunin tunawa da shi da abin da ya tsira. Na aika wa duk wanda na sani a Deira. Ranar buɗewa wurin ya cika da Larabawa da Indiyawa da Turawa da 'yan Filifin da suka yi aiki da shi a masana'anta. Masu jin Hausa a ɗakin, in ka cire ni, sai dattijon Kumasi da direban Agadas.

Nunin bai rufe ba sai da matar Kawu ta fita takaba. Ana shirin mayar da ita Kano, na ce ba za ta tafi ba sai ta gani. Ta yi ta noƙewa, wai ita me ta sani a wannan harka. Na matsa. Muka je da rana, babu kowa sai mai gadi. Ɗakin fari ne fat, kowane ƙunshi a kan nasa dakali, an haska shi daga sama. Ta shiga a ɗarare, tana riƙe da gefen mayafinta kamar mai tsoron ta ture wani abu. Ta wuce na farko, ta wuce na biyu. A gaban wani ɗan madaidaici da ke can ƙurya ta tsaya.

Ta sunkuya ta ƙura wa ƙullin ido. Ta zagaya ta bayansa. Sai ta kai hannu ta ɗora a kai. Mai gadi ya taso da sauri, na ɗaga masa hannu ya dakata.

"Wannan ɗaurina ne," ta ce.

Ban gane ba. Ta nuna mini yadda igiyar ta zagaya sau biyu ta koma ta ƙarƙashin kanta, aka bar 'yar kunne a gefe don a ji sauƙin kwancewa. Ta ce haka mahaifiyarta ta koya mata, ba ta taɓa ganin wani na yin irinsa ba. Duk shekarun da take Kano, in ta ji wani ɗan kasuwa zai taho, takan ƙulla wa Kawu kuka da daddawa da yaji da kilishi ta aiko masa. Ta ce kullum yana yi mata waya ya ce saƙo ya iso, bai taɓa ƙara komai a kai ba. Ba ta san kafin ya kwance yana ɗaukar siffarsa ba.

Muka koma kan sauran. Manyan na kago ne. Amma ƙananan duka, in ban da ɗaya, nata ne. Ta gane har buhun wata shinkafa da aka daina sayarwa tuntuni.

Ta tambaye ni ko su ke nan. Na so in yi mata ƙarya, ban iya ba. Na ce ƙananan sun fi yawa a sito, jere suke a kan kanta guda daga bango zuwa bango, kuma da yake sun fi sauƙin ɗauka, su aka fara jefawa. Ta nemi wuri ta zauna a kan bencin da ke tsakiyar ɗakin. 

"Kar ki gaya wa yayanki," ta ce daga baya. "Tun yana ƙarami shi ke danne mini igiyar da yatsa in ƙulle."

Na girmama ta duk rayuwata, ban taɓa tsallake maganarta ba. Wannan karon na tsallake. Da na mayar da ita gida na fita baranda na kira Yaya, wanda tuni ya koma Kano, na gaya masa duk abin da mahaifiyarsa ta gani da abin da ta ce, ban rage ba, ban sassauta ba. Na ɗauka zai yi faɗa ko ya kashe wayar. Sai na ji shiru, ina jiyo ƙarar babura a bayansa. Na ce ko yana jina. Ya ce yana ji. Sannan ya tambaye ni, da wata murya da ban san shi da ita ba, ko zan iya ɗaukar masa hoton ƙullin daga kusa.

Na ɗauka na aika masa. Har yau bai ce komai a kai ba.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa, baƙo a ƙasar da aka binne shi. Ka yafe masa zafin ransa da nauyin bakinsa, Ka yalwata masa kabari, Ka sanyaya zuciyar matarsa da 'ya'yansa. Waɗanda suka yi masa shaidar da ba su gani ba, Kai ne Ka san abin da hannunsa ya yi. Mu da muka rage a garin nan, Ka sa mu cika da imani in tamu ta zo.